Karen da Hukuma Ta Ce Babu Shi

Jama'a, ku yi haƙuri da rubutuna na wannan mako, domin a kishingiɗe nake yin sa, ƙafa ɗaya bisa matashi. Kare ne ya cije ni. Ba karin magana nake muku ba, ba kuma habaici nake yi wa wani babban mutum ba. Kare na gaske, mai ƙafa huɗu da jela, ja, kunnensa ɗaya a yage.

Ranar wata Litinin ce da safe. Na fito daga gida da ƙunshin ɗinki a kafaɗa zan tafi shago, don waɗanda ba su sani ba, ni tela ne, shekara ashirin da shida ina taka keke. Hanyata dole sai ta bi ta gefen bolar da ke kwanar layinmu. Wannan bola ta girmi 'yata ta uku. A tsakiyarta akwai allon da ƙaramar hukuma ta kafa mai cewa an hana zubar da shara a nan, amma yanzu shara ta haɗiye shi har wuya, abin da ya rage a sama kawai shi ne "shara a nan". Mutanen layinmu kuwa masu biyayya ne.

Ina cikin tafiya ina lissafin wandunan da zan gama kafin azahar, sai na ji an damƙi sharaɓata ta dama kamar an sa filaya. Ko haushi bai yi ba, ko sallama. Na yi jifa da ƙunshi, na yi wata irin ƙara da ban taɓa sanin akwai ta a cikina ba. Shi kuma ya sake ni, ya koma kan bolarsa a tsanake, kamar ma'aikacin da ya sa hannu a rajista ya gama aikin ranar.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, na yarda. Amma ƙafar dama fa! Da ita nake taka keke, da ita ake cin abinci a gidana.

Wanda ya fara isowa shi ne maƙwabcina mai kanti, wanda muke kira Rediyo, saboda babu labarin da zai kwana a garin nan bai biyo ta bakinsa ba. Ya kama ni muka shiga gida ina ɗingishi. Kafin in zauna ya zaro waya.

"Kwantar da hankalinka," in ji shi. "Makon jiya sashen lafiya ya turo mana saƙo kan wannan maganar. Ga shi nan. Duk wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti goma sha biyar, sannan ya garzaya asibiti mafi kusa. Allurar rigakafi kyauta ce. Har sun ƙara da cewa rigakafi ya fi magani."

"Mai gudana?" in ji mai ɗakina. Ta dubi famfon tsakar gida, wanda rabonsa da ɗigo tun kafin a yaye autarmu. Yanzu a kansa take shanya tsumma.

"Haka suka rubuta."

Ta ɗauko buta ta ɗaga sama tana tsiyaya mini, Rediyo na cika wata. Buta tara ruwan ya gudana. Na so in yi mata wasa, in ce ga shi ta zama hukumar ruwa, sai ta riga ni magana.

"Malam, kar ka yi dariya," ta ce. "Ina 'yar shekara tara ƙanen babanmu ya mutu da ciwon haukan kare. Wata guda bayan cizon, ciwon har ya warke. Na gan shi da idona ana miƙa masa ruwa yana ihu yana ja da baya. Tashi mu tafi."

Ban sake yin wasa ba sai da muka fita.

Asibitin unguwarmu ɗaki biyu ne da baranda. Nas ɗaya ce, wata dattijuwa mai tabarau ɗaure da zare, wadda rabin yaran layinmu a hannunta suka faɗo duniya. Ta duba ciwon, ta sake wankewa, ta zuba wani magani da ya sa na tuna sunayen kakannina duka.

"Allura fa, malama?" na ce. "An ce kyauta ce."

"Kyauta ce, tela. Ba su yi ƙarya ba. Sai dai babu ita."

Ta nuna mini firij a lungu, fari, dogo, da tambarin hukuma a ƙirjinsa. Ta buɗe. Fayil-fayil ne a ciki, jere tsaf.

"Wata biyar ke nan da ya mutu. Allura kuwa ba ta zama sai da sanyi, don haka suka kwashe suka mayar sito a sakatariya. Na rubuta takarda bakwai a zo a gyara. Kwafinsu ne waɗannan. Nan ne kaɗai ɓera ba ya shiga."

Ta rubuta mini 'yar takarda ta sa hannu, ta dube ni ta saman tabarau. "Kar ka bari ta kwana. Ko za ka kwanta a ƙofarsu ne, yau za a yi maka ta farko."

Rediyo ya rufe kantinsa ya goya ni a babur. Ba zan ba ku labarin layin mai ba, kun fi ni sani. Abin da zan ce kawai, da na ɗaga ƙafar wando na nuna bandeji, mutane suka buɗa mana hanya har bakin famfo. Talaka bai nemi in cike fom ba.

Sakatariya kuwa ranar ta sha kwalliya. An yi wa duwatsun bakin hanya farin fenti, an kafa rumfuna, motoci masu baƙin gilashi sun jeru kamar za a yi gwanjonsu. Muka ratsa muka shiga ofishin lafiya. Muka tarar da Yallaɓai Mai Biro Uku, wanda aljihun rigarsa ke ɗauke da ja da baƙi da shuɗi, yana kallon wani abu a waya yana murmushi. Na gaishe shi sau biyu. A na uku ya turo mini fom da ɗan yatsa, bai ɗago ba.

Na cike sunana, shekaruna, sana'ata. Sai na zo layi na shida: sunan mai kare da adireshinsa.

"Ranka ya daɗe, karen nan ba shi da ubangida."

"To fom bai cika ba."

"Ai na bola ne."

"Mu lafiyar mutane muke yi, ba ta dabbobi ba. Je ka ofishin dabbobi su ba ka shaidar cewa ba shi da mai shi. Ƙofa ta huɗu."

A ƙofa ta huɗu muka sami wani bawan Allah mai fara'a, har da ba ni kujera. Ya saurare ni da kyau, yana girgiza kai yana cewa subhanallahi. Sannan ya yi mini bayani, cikin ladabi, cewa su dabbobin kiwo suka sani. Dabbar da ba a kiwata ba, ba ta cikin hurumin ofishinsu.

"A ina yake kwana?"

"A kan bola."

"Madalla! Duk abin da ke kan bola na sashen tsafta ne. Ƙofa ta tara."

A ƙofa ta tara ne na gamu da gwanin gwanaye, Allah ya ja zamaninsa, Sarkin Yaƙi da Ƙazanta. Na faɗi layinmu. Ya jawo wani fayil mai kauri, ya lashi yatsa, ya buɗe, ya juyo mini da shi.

"An kwashe wannan bolar wata uku da suka wuce."

"Ranka ya daɗe, da safen nan na wuce ta."

"Ga hoto."

Hoto ne kuwa. Wata mota ce ta kwasar shara, da ma'aikata shida riƙe da shebur suna dariya, a gaban wani fili fes. Na ƙura ido ina neman ko da bangon gida ɗaya da na sani, ban gani ba.

"Wannan ba layinmu ba ne," in ji Rediyo.

"Ga hatimi," in ji Sarkin Yaƙi da Ƙazanta. "Kai ka fi hatimi sani? To bari in taƙaita muku. Tunda babu bola, babu karen bola. Ba zan iya sa hannu a kan karen da babu shi ba."

"To wa ya cije ni?"

Ya dubi ƙafata, ya dube ni. "Wannan kuma, malam, tsakaninka da iyalinka ne."

Na rantse muku, da ba don Rediyo ya riƙe hannuna ba, da ranar an sami mutum na biyu da aka ciza a garin nan, kuma da an san sunan mai cizon da adireshinsa.

Muka fito baranda. La'asar ta gabato, ƙafa ta kumbura tana zogi, maganar mai ɗakina na yawo a kaina. Wata mata mai shara, wadda tun ɗazu take ganin muna shiga muna fita, ta matso ta rage murya.

"Ɗan'uwa, kar ka wahalar da kanka. Ko ka cike fom ɗin, mai makullin sito yana zauren taro. Yau ake ƙaddamar da asusun tallafa wa unguwanni, duk suna can. Ku je ku tsare shi."

Muna isa bakin zaure wani mai kwat ya tare mu. Na zaci korar mu zai yi. Sai ya ce, "Daga unguwa kuke? Alhamdulillahi! Ku shigo, ku shigo." Ashe kujerun wakilan al'umma ne ba kowa a kai, ga masu kyamara sun iso. Nan take aka maƙala mana kati a ƙirji, ni da Rediyo muka zama al'umma.

Shugaban ƙaramar hukuma, Mai Girma Uban Alkawari, Inuwar Marayu, Rijiyar da Ba Ta Ƙafewa Sai Bayan Zaɓe, yana kan mumbari. Ya ce zamanin da talaka zai yi kuka ba a ji ba ya wuce. Aka tafa. Ya ce duk unguwar da ke da buƙata, ta nema kawai, ƙofa a buɗe take. Aka tafa. Sannan sakatarensa ya karanto sharuɗɗa: sai ƙungiya mai rajista ta shekara uku, da takardar shaida daga ofisoshi huɗu, da tsarin ɗorewa na shekara goma, a kuma tura ta intanet kafin Juma'a. Aka tafa, amma a hankali.

"Akwai mai tambaya daga cikin al'umma?"

Na lura akwai wani a gaba da aka ba 'yar takarda ya riƙe, yana gyara murya. Kafin ya miƙe, Rediyo ya sa gwiwar hannu ya zungure ni daidai haƙarƙari, na zabura tsaye. Kyamarori suka juyo. Aka danƙa mini makirfo.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗora ƙafa kan kujera, na naɗe wando har gwiwa. Jini ya riga ya ɓullo ta bandeji.

"Ranka ya daɗe, ni ba ni da ƙungiya. Kare ne ya cije ni da safe. An ce allura kyauta ce, tana sitonku. Na shiga ofis uku, an tabbatar mini da hatimi cewa karen babu shi. Tambayata ita ce, in na haukace, wace ƙofa zan je?"

Wani a baya ya fashe da dariya ya mayar da ita tari.

A nan ne na san ba a banza mutum ke zama babba ba. Mai Girma bai ko ƙifta ido ba. Ya sauko daga mumbari da hannuwa a buɗe, ya dafa kafaɗata, ya juya daidai inda hasken kyamara ya fi kyau. Ya ce wannan shi ne irin ɗan ƙasa da yake alfahari da shi. Ya ce ba zai zauna ba sai an yi mini allura a gabansa.

Jama'a, minti shida. Na duba agogo. Mai makullin da aka ce sai da fom ya taho a guje har yana tuntuɓe. Aka tafi da ni sito da rakiyar manya. Da aka buɗe firij, sai da aka fitar da katan huɗu na lemon kwalba na manyan baƙi kafin a kai ga alluran, suna can ƙasa a takure kamar 'yan haya. Aka yi mini a dantse. Mai Girma da kansa ya danna mini auduga, ya riƙe har sai da mai hoto ya ce ya isa. Yallaɓai Mai Biro Uku ya cike layi na shida da hannunsa. Na leƙa in ga abin da ya rubuta. Ya rubuta: "Ana bincike."

Na koma gida, mai ɗakina ta duba dantsena ta ga shaidar allura, ta zauna a bakin gado ta yi kuka, sannan ta tashi ta yi mini faɗan yaga wando.

Da a nan labarin ya ƙare, da na ce Allah ya saka wa hukuma. To ranar Alhamis karen da babu shi ya sake cizon wata mai wanki da guga a layinmu, bazawara mai 'ya'ya huɗu, a hannu. Ita ranar ba a taro. Ta je sakatariya ta dawo da fom. Nas ɗinmu ta karɓi fom ɗin ta ninke, ta rufe asibiti, ta ari kula a wurin Rediyo ta cika da ƙanƙara, ta hau mota da kuɗin aljihunta. An ce ta zauna a ƙofar sito ta ce ba za ta tashi ba, wanda ya isa ya ɗaga ta. Da yamma ta dawo da allurar mai wanki da ragowar nawa. Kullum sai ta sake ƙanƙara har muka gama. Karen kuwa tun ranar ba a sake ganinsa ba, ba mu san ko lafiyarsa ƙalau ba ko akasin haka. Bola dai tana nan, ta gaishe ku.

Muka ce to, tunda ƙofa a buɗe take, bari mu nemi tallafin nan a gyara firij. Muka taru a shagona. Ƙungiyar iyayen yara ta makarantar layinmu na da rajista, ta ara mana suna. 'Yar Rediyo da ke jami'a ta tura ta intanet. Tsarin ɗorewa na shekara goma ni na tsara shi, layi ɗaya ne: za mu riƙa rufe ƙofar firij in an buɗe.

Amsa ta zo bayan mako uku. An yaba da kishinmu. Sai dai firij kayan hukuma ne, kuma asusun na ayyukan al'umma ne, don haka mu tuntuɓi sashen lafiya. Muka tuntuɓa. Sashen lafiya ya ce tunda yanzu akwai asusun al'umma, an cire gyare-gyare daga kasafinsu. Wadda ta ci tallafin a yankinmu wata ƙungiya ce ta wayar da kai game da cizon kare, wadda na ji an ce shugabanta suruki ne a wani gida mai dogon bango. Ban tabbatar ba, Rediyo ne ya faɗa. Sun buga fosta mai kyau. Ƙafata ce a jiki. Ko gaisuwa ba su aiko mata ba.

Mai gyaran firij da ke bayan shagona, wanda ya zauna a duk tarukan nan, rannan sai ya ɗauki jakarsa ya ce, "Ni dai bari in gan shi." Ya janyo firij daga bango, ya kwanta a ƙasa, ya leƙa.

"Waya ce ɓera ya ci," ya ce.

Kafin nas ta gama kwashe fayil ɗinta, firij ya yi tari ya fara gurnani. Wata shida, takarda bakwai, mutum biyu da cizo. Waya ce tsawon ɗan yatsa.

Sakamakon farko da ya biyo baya, an aiko wa nas takardar tuhuma, ta yi bayanin dalilin da ya sa ta bar wanda ba shi da izini ya taɓa kayan hukuma. Na biyu, an sanar cewa Mai Girma zai zo ya ƙaddamar da firij da aka farfaɗo da shi a ƙarƙashin shirinsa na lafiya ga kowa.

Ya zo kuwa, jiya. An dawo da allurai tun da safe an jera. An ɗaura wa firij jan ƙyalle a ƙugu. Aka kafa rumfa, aka kawo lasifika manya guda biyu. Sai aka tarar soket ɗaya ne tak a asibitin. Mai kwat ɗin nan ya duba hagu ya duba dama, ya zare wayar firij ya cusa ta lasifika.

Mai Girma ya fara jawabi kan muhimmancin ajiye allura cikin sanyi. Minti ashirin. Minti arba'in. Rana ta take, ɗakin kwano ne. Ina zaune kusa da mai wanki, muna ganin nas tana duba agogo tana duban ƙofa. Da ya kai wurin da yake cewa "kuma ina tabbatar muku, muddin ina raye," sai dattijuwar nan ta miƙe. Ta ratsa ta gaban manyan baƙi, tabarau na lilo a wuya, ta shiga ɗaki. Lasifika ta yi ƙit. Daga ciki muka ji firij ya ja numfashi ya kama gurnani.

Bakin Mai Girma ya ci gaba da motsi, babu sauti. Mai wanki ce ta fara tafi, da hannunta mai tabo. Sai mai ɗakina, sai Rediyo, sai layinmu gaba ɗaya, muka miƙe tsaye muna tafi har tafukanmu suka yi zafi. Tunda nake halartar taron hukuma ban taɓa jin tafi irin wannan ba, kuma ba a raba wa kowa ko lemo ba.

Mai Girma ya dafa ƙirji, ya rusuna, ya ɗaga mana hannu biyu, idonsa har da ƙwalla. Don Allah, wanda ya san shi kar ya gaya masa. Bawan Allah ya ji daɗi.